Daren da Bango Ya Yi Gyaran Murya

A gwangwani yake zuwa, kamar kifin Turawa.
Jirgin Ikko ya sauke shi a tasha ranar Laraba,
ya riga ya sha hannu a gari goma,
ya yi dariya a Ankara, ya yi kuka a Saliyo,
ya iso Sabon Gari duk jikinsa ƙuje-ƙuje.

Ni ne bakinsa a wancan zamani,
Jatau na Kwarbai, tsohon yaron kukun reluwe.
Ina tsaye gefen farin bango da bututun kwano,
hoto bebe ne, ni ke ara masa harshe.
Bature ya cire malafa, in ce, "Ina gajiya, uwar ɗaki?"
Ta juya masa ƙeya, in ce, "Bashin jiya tukuna."
Na ƙulla aure, na kwance,
na sa ɗan sandan Ingila ya rantse da kabarin kakansa
cikin Zazzaganci tsantsa.

Wata damina Nasim Bakwara ya kira ni,
ya warware takarda mai launi, ta fi tabarma tsawo:
mace ta wage baki, jajayen haruffa na tsalle daga ciki.
Ya ce irinta na manne a Landan da Bambai da Masar.
Ya ce, "Wannan da bakinsa ya zo."
Ya ba ni keke da ƙararrawa da sule biyu
in je in yi shelar mai cin gadona da raina.

Na je.
Tudun Wada, bakin Kubanni, har Ƙofar Doka:
"Jama'a, hoto ya yi baki!"
Tabawa mai ƙosai ta ce, "Wane malami ya ba shi rubutu?"
Dogara makaho ya riƙe mini sitiyarin keke,
ya ce, "A ajiye mini benci. Yau da ni za a yi."

Kujerar sule ta cika da akawuna,
bencin sisi ya cika da leburori,
'yan kwabo suka baje a ƙasa.
Inji ya yi tari, haske ya keta cincirindon ƙwari,
sai bango ya yi gyaran murya.

Ƙofa ta rufu, muka ji ta rufu.
Doki ya yi haniniya, jakin mai itace ya amsa daga waje.
Wani yaro ya zaga bayan bango ya duba,
ya dawo ya ce ba kowa sai ƙadangare.

Sannan jarumin ya yi magana.
Mutumin da na shekara uku ina ba shi muryar tambari,
ashe tasa ta hanci ce,
siririya, kamar sauro a cikin tulu.
Leɓe na gaba, sauti na biye da sanda.
Akawuna suka yi dariya inda ta dace,
sauran muka tara tamu, ba mu san inda za mu zuba ba.

Can daga ƙasa wani ya ɗaga murya:
"Jatau, me ya ce?"
Turancina na kicin ne, kawo ruwa, kwashe faranti.
Na haɗiye yawu, na ɗaga bututu:
"Ya ce bashin jiya tukuna!"
Fili ya kece har Nasim ya leƙo ta taga.

Dogara kaɗai bai dara ba.
Ya ce, "Ƙarya kake, Jatau.
Ban san yarensa ba,
amma mutumin nan ban kwana yake yi."

Nasim ya buga wa Ikko waya, wai Zariya ta karɓa.
Ran Asabar gwangwani ya hau jirgin Kano.
Bututun yana nan, jikata na ɗura gero da shi.
Ni kuwa tun daga daren nan,
in an kashe fitila, bango ya fara,
rufe ido nake yi.